Gefen da Tela Ya Datse

Kafin ka sa hannu ka gyara abin da ba ka san kansa ba, tsaya ka ji abin da ya sami wani tela a Tudun Wadar Zariya. Mahaifinsa ya yi aikin kuku a gidan wani malami Ba'amurke, da malamin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa tarkace a gwangwani. Bayan rasuwar tsohon, telan da yayarsa suka buɗe gwangwanin, ba su ga abin kirki ba sai wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba, mai hoton wani ɗan wasa da hular hana-salla, ya saɓa sanda a kafaɗa, irin wasan nan na Amurkawa da ake bugun ƙwallo da sanda. Yayar ta ce ya adana musu, ko don tunawa da Baba. Shi kuwa ya maƙala shi jikin madubin shagonsa, ya shekara bakwai a nan. Rannan wani dillalin tsoffin kuɗi da kan sarki ya zo awon kaftani, idonsa ya faɗa kan katin, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ba gwani ba ne a wannan fanni, amma ya ji ana neman irinsu ruwa a jallo a ƙasashen waje, wani ma ya isa ya sai wa mutum gida; ran Asabar zai zo da wanda ya sani. Tela ya aika wa yayarsa da albishir, ita kuwa gwauruwa ce mai zaman haya da 'ya'ya biyar, har ta fara tambayar farashin fili. Da ya sauko da katin ya duba, sai ransa ya sosu. Gefen ƙasa duk ya tauye, ya yi gashi-gashi kamar bakin tsohon zane. Mutum ne da bai taɓa bari ɗinki ya fita shagonsa da zare yana reto ba, ina zai kai kaya gaban mai saye a haka? Ya ɗauko almakashinsa mai kaifi, ya datse gefen da bai fi faɗin tsinken tsintsiya ba, ya fito santal. Ya ji daɗin aikinsa ƙwarai.

Ran Asabar gwanin ya zo, dattijo ne mai tabarau. Bai ko kalli hoton ba, ya juya bayan katin, ya ɗora gilashi mai ƙara girman rubutu, ya bi gefen ƙasa sau biyu. Sannan ya yi bayani cewa wannan hoto sau biyu aka buga shi. Bugun fari kaɗan ne, a ƙunshin cingam aka sa su, yara suka yi wasa da su suka lalata, shi ya sa wanda ya tsira yake da tsada. Bayan shekara talatin aka sake buga shi jibgi guda, hoto ɗaya, launi ɗaya, ko a yau ana samunsa a banza. Abin da ke raba su wani ɗan siririn layi ne a can ƙasa ta baya, mai ɗauke da shekarar bugu, shi ne kuwa almakashi ya tafi da shi. Ya ce, "Zuciyata na gaya mini na farin ne, amma mai saye ba ya biyan kuɗi don zuciyata. Da tauyewarsa ka bar shi, da mun yi ciniki." Tela ya durƙusa ya zazzage buhun ƙyallaye yana neman ɗan gefen da ya datse, sai ya tuna tun ran Alhamis mai yin matashin kai ya kwashe na makon. Da la'asar ya tafi gidan yayarsa, ya zauna bakin tabarma ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ce, "Shekara arba'in Baba na ajiye da shi bai gyara ba." Ta miƙa hannu, ya ba ta katin, ta sa a ƙasan adakarta. Har yanzu haya take biya.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.