Motar Kansila a Kwazazzabo

Sabuwar motar Kansila Babagana ta afka kwazazzabon da ya raba ƙauyenmu da hanyar Azare, ta zauna daram.

Ya fito ta taga, babbar riga duk taɓo. "Jama'a, ku kawo igiya! Wallahi ana sakin kason ƙaramar hukuma zan gina muku gada!"

Inna Saliha mai nono, wadda ruwan nan ya ci mata saniya bara, ta tare matasa.

"Alhaji, ai an saki kason, ga shi nan da taya huɗu. Ku bar ta, sai yau kuɗin ya zo wurin aikinsa."

Ta gyara ƙwaryarta, ta taka rufin motar, ta haye. Muka bi ta a layi.