Batirin Motar Gazali

"Dubi wannan lamba, CCA," in ji wani makaniki a garin Tasawa, yana nuna wa Salifu batir. "Ita ke nuna ƙarfin batir wajen tada inji cikin sanyi. In ta yi ƙasa, mota sai tari."

Salifu ya ɗauki mai babbar lamba, ya koma gida Hawandawaki. Shekarar fari ce, zamanin soja.

Da sassafe ya sa batirin a motar wansa Gazali, ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya.

Uwarsu makauniya, wadda ta ƙi abinci sai Gazali ya dawo daga neman hatsi, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Alhamdulillahi, ɗana ya iso! Ku ba ni fura."

Salifu ya kifa kai bisa sitiyari. Kwana tara ke nan da ya bizne Gazali a Kanan-Bakashe, bai faɗa mata ba.