Ban-ruwa Daga Ɗaki

Tun hantsi yayana Bilya yake fama da hannun gem, abin buga wasan ƙwallo a kwamfuta, da ya sayo a Kano. Ya soka waya, kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu. Ya gwada haɗa su ta bulutut ba tare da waya ba, shiru. Injiniyan gidanmu ke nan.

Sai da ya yi gumi sharkaf sannan fitilar hannun gem ɗin ta kawo. Yana cikin tsalle, sai ga Baba a bakin ƙofa, taɓo har gwiwa.

"Yau ce ranar ban-ruwan gonarmu. Me kake yi a ɗaki?"

Bilya ko gezau. "Baba, na'urar ban-ruwa ce. Daga nan zan sakar wa tumatir ruwa, dannawa ɗaya."

"Ikon Allah! Boko ya yi rana," in ji Baba, ya juya.

Bilya ya wuni yana zura ƙwallaye, yana yi min gwalo.

Bayan la'asar Baba ya dawo da manoman unguwarmu kaf, aka baza tabarmi a tsakar gida.

"Na ce kowa ya baro kanal ɗin ban-ruwa ya huta. Bilya, fito da na'urar. Fara danna wa gonar Mai Unguwa, tasa ta fi bushewa."