Babin da Dokta Ya Rubuta Jiya

Sunan titin ya kuɓuce mini, haka ma shekarar. Abin da ya rage a kaina shi ne ɗakin Dokta: taga ɗaya, kejin tsuntsu wanda babu komai a ciki, da sabuwar kwamfuta a kan tebur.

Dokta likitan dabbobi ne, abokina tun muna samari. Da ya yi ritaya sai ya duƙufa kan rubuta littafin cututtukan tsuntsaye, a wata tsohuwar manhaja da kwamfutocin yanzu ba sa karɓa. Da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, surukinsa injiniya ya zo ya gina masa irinta a cikin sabuwa.

"Baba, ga tsohuwarka nan," in ji shi. "Taga ce kawai a kan allo, amma komai naka yana ciki. Na kuma ɗaure ta yadda ba abin da zai lalace." Washegari ya koma wurin aikinsa mai nisa.

Dokta ya ji daɗi. Ya ɗora hoton marigayiyar matarsa a fuskar tagar, ya rubuta babi guda a kan tantabaru, ya adana. Da yamma ya kashe komai har soket, kamar yadda ya saba tun fil azal.

Da safe babu babin. Hoton ma babu, sai shuɗin allo.

Ya sake rubutawa. Ya sake tashi bai tarar ba. Ya fara jin tsoron buɗe ƙofar ɗakin.

"Baba, anya ba a zuci ka rubuta ba?" in ji 'yarsa a hankali, tana gyara masa wuyan riga.

"Da yatsun nan na buga, Uwata. Har sun yi tsami."

Ta duba ko'ina, ba ta ga komai ba. Wata rana ta zo da hantsi ta iske shafuka cike, ta yi murna har da hawaye. Da gari ya waye, sun ɓace. Ta kai shi asibiti, aka ce haka ciwon mantuwa yake, yau da sauƙi, gobe babu. Mijinta injiniyan kuwa, da ya kira, abin da ta iya faɗa masa kawai shi ne Baba ya fara mantuwa. Sauran ta ji nauyin faɗa.

Daga nan Dokta ya daina yarda da kansa. In ya kulle ƙofa sai ya koma ya taɓa. In aka tambaye shi ko ya sha magani, sai ya dubi 'yarsa ta amsa. Ta ce ba zai ci gaba da zama shi kaɗai ba. Bai yi musu ba, ya miƙa mata makullan gidan.

Ran da za su tafi ya turo mini kwamfutar. "Malam, riƙe. Ni yanzu ban san abin da na yi da wanda na yi mafarkinsa ba." Ya yi ɗan murmushi. "Ko fuskar marigayiya ban iya tsayarwa a allo ba."

Bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na ɗan yi rubutu a tagar nan, ni ma ya ɓace. Ban yi mamaki ba, don tawa mantuwar ta riga ta kama hanya. Sai a wurin gaisuwar rasuwa, hira ta kawo hira, na ambata wa injiniyan. Nan ya faɗa mini dalili. Daga baya na sa ya nuna mini, na gani da idona, don kada in ɗauki alhakin kowa.

Shi ya saita tagar haka, don kada tsoho ya ɓata wani abu: duk sa'ad da aka kashe ta, sai ta koma daidai yadda take ranar da ya gina ta.