Barewa Mai Goyo

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya tafi da ni farauta a wani daji bayan garin Manassas, can ƙasar Turawa inda muke zaune, wanda shi da abokansa suka karɓa haya. Mai filin, wani tsohon Bature, ya kafa doka: bareyi sun yi yawa, kowa sai ya harbi mata biyu kafin ya taɓa namiji.

Da la'asar wata barewa ta fito, ɗanta na biye da ita. Baba ya ɗaga bindiga, ya duba, ya sauke, ya zare harsashin ya jefa aljihu.

A bakin ƙofar filin tsohon ya tare mu, ya ce ya ga komai. Ni nake yi wa Baba tafinta idan Turancinsa ya ƙare.

"Faɗa masa a garinmu ba a harbin mai goyo."

"Baba, zai cire ka fa."

"Faɗa masa, Uwata. Kada ki sassauta."

Ban sassauta ba. A makon nan aka cire shi daga cikin masu hayar dajin. Yanzu na san tsohon yana da gaskiyarsa. Amma da za a sake tsayar da ni a ƙofar nan, haka zan faɗa.