Kifin da Babu Shi a Littafin

"Ammi, babu kifi a nan," in ji 'yata, tana riƙe da littafin marigayi babanta.

Karatuna bai yi nisa ba, mijina ne yakan karanta mini labarin wani yariman zamanin da. Ina son yaƙe-yaƙen da aljanun, amma wuri guda nake kushewa: yarima ya faɗa kogin Sindhu, ƙaton kifi ya goyo shi zuwa gaɓa.

"Wannan ƙarya ta yi yawa," nakan ce.

"Ke dai sha shayinki, alƙaliya," yakan amsa.

Na dubi 'yata. "To me aka rubuta?"

"Nutsewa ya yi, Ammi. Ba a ga gawarsa ba."

Kamar dai ɗanmu, da ya nutse a wannan kogin na Sindhu.

Na ce ta koma baya, ta karanta mini da kifin.