Hankicin Orville

Mako uku ke nan kwandon Madam Lorraine yana dawowa daga akurki da giɓin ƙwai uku, wata rana huɗu.

A gonar kirki da an ɗaga kafaɗa an wuce. Amma kada ka kuskura ka ce gona a gabanta, mafakar dabbobi ce. Lorraine Tibbets ta ajiye aikin ofis a Cleveland, ta sayi filin marigayi Doyle a kwarinmu, ta cika shi da kajin da aka ceto daga kejin kamfani. Kowace da sunanta, waɗanda gashinsu ya zube har da rigar saƙa. Dokarta ta farko tana rubuce a ƙofar shiga: ƙwai na mai shi ne.

Duk Asabar baƙi su cika mota daga birni, su yi da'ira, ita kuma ta riƙa fasa ƙwan a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kaji su yi ca a kai, ta share hawaye ta ce an mayar wa uwa haƙƙinta. Mu da muka tashi cikin kashin kaji sai dai mu kalli sama, kada dariya ta kufce mana.

Tauraruwar wurin ita ce Clementine, wata jar kaza mai ido ɗaya. Hotonta yana jikin riguna da kofuna, har da bayan motar Madam. Ita ake ɗauka a rungume idan za a yi wa baƙi jawabi a kan rashin imanin ɗan Adam.

Mai aikin gaske kuwa Orville Haskins ne. Shekara arba'in ya yi a gidajen kajin kamfani, inda duk kazar da aka ga aibi a jikinta ba ta kaiwa gobe. Da bayansa ya gaza suka sallame shi. Lorraine ta ba shi ɗan ɗaki a bayan rumbun ciyawa, kuma tana son nuna wa baƙi shi a matsayin tubabbe. Shi ke kwashe kashi, shi ke fasa ƙanƙarar da ta daskare a mazubin ruwa, shi ke fara shiga akurki da sassafe. Kwanan nan ma yakan ja ƙofa ya ɗan jima a ciki.

Wata rana ya tare Darlene, mai yi wa baƙi jagora.

"Darlene, don Allah da gaske ba a yanka ko ɗaya a nan? Ko da ta yi laifi?"

"Kai, Baba Orville! Wane laifi kaza za ta yi? Banki za ta fasa?"

Bai yi dariya ba. Shi dai bai taɓa ganin inda ake ajiye kaza don Allah ba.

Lorraine ta zargi dila, aka toshe ramuka. Ta zargi maciji, alhali ƙasa ta daskare. Babu ɓawo, babu sawu. Da zargi ya ƙare wa masu ƙafa huɗu, sai ya dawo kan mai ƙafa biyu, wato Orville, wanda da ma ta taɓa jin ƙamshin soyayyen nama a rigarsa.

Ran Laraba ta laluba aljihun kwat ɗinsa da ya rataye a rumbu. Matar da ke neman izinin akuya kafin ta shafa ta, ba ta ga buƙatar neman na tsoho ba. Ta zaro hankici, ya bushe ƙamas da gwaiduwa.

Ta tara 'yan kwamitin mafakar a farfajiya, Clementine a ƙirjinta, hankicin a hannu ɗaya tana riƙe da shi da yatsa biyu.

"Malam Haskins, mene ne wannan?"

"Hankicina ne, Madam."

"Na san hankici ne! Ɗanye ma kake shanyewa? A gaban kajin? Ka duba idon baiwar Allahn nan ka faɗa mini abin da ke faruwa da ƙwan."

Orville ya dubi idon nan guda ɗaya ya daɗe. Clementine ta karkata kai, bakinta fes kamar an wanke.

"Ba ni da abin cewa, Madam."

"Ai na sani. Mai hali ba ya..." Ta haɗiye sauran, ta tuna ita mai tausayi ce. "Zuwa Juma'a ka kwashe kayanka."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai cikin jimami, suka koma ciki shan shayin ganye. Ba wanda ya tambayi inda mai shekara saba'in da ɗaya zai dosa a watan Janairu. Ran Juma'a ya ɗora katifa da akwati a tsohuwar akori-kurarsa. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya shiga akurki sau ɗaya. Madam ta ce a'a, kuma ta riƙe hankicin a matsayin shaida.

Asabar baƙi suka zo kamar kullum. Lorraine ta ba su labarin kurar da ta shigo da fatar tunkiya. Sannan ta ce yau ita da kanta za ta buɗe wa 'ya'yanta ƙofa, kowa ya ɗaga waya don ɗaukar hoto.

Clementine ce ta fara fitowa, gwaiduwa na ɗiga daga bakinta har ƙirji, guntun ɓawo manne a gefe, ta nufi bayan rumbu tana neman wanda ya saba goge mata baki.